Ɗinkin Bahaguwa: Shafi na 23

Daga bakin Siddiƙa Auta, Daura.

Masu turo mini saƙo tun jiya kuna cewa na bar ku a rataye, ku yi haƙuri ko kada ku yi, duk ɗaya ne a wurina. Ke kuma da kika ce in goge labarin nan don ya yi kama da na wata 'yar'uwarki, ban ambaci sunan makaranta ba, ban ambaci sunan uban kowa ba. Wanda ya ji kamar da shi nake, to da shi ɗin nake. Ku gyara zama.

*

Mai a-daidaita bai gama tsayawa ba Inna Maimuna ta diro.

Ƙunshi a hammatarta ta dama, hannun hagu a cikin mayafi, inda ya saba zama shekara uku ke nan. Shekararta sittin da takwas a garin Daura, ba ta taɓa taka harabar jami'ar nan ba sai yau, kuma ba ziyara ce ta kawo ta ba.

Da safiyar nan, tana zaune kan darduma, ta jiyo jikarta Ikilima daga cikin ɗaki tana bitar wata takarda ƙasa-ƙasa. Inna ba ta san ko bihim ba a boko, amma kunnenta ras yake.

"Ni Ikilima Sha'aban, ina ba Khairat Dabo haƙuri bisa ƙaryar da na yi mata..."

Sau uku yarinyar ta maimaita, sau uku muryarta na karyewa. Ta fita ko koko ba ta sha ba.

Wai ƙarya!

Fayafayai shida Ikilima ta kai wa Ƙungiyar Kayan Koyarwa ta tsangayar ilimi, inda ɗalibai masu koyon malanta suke haɗa abubuwan da za su koyar da yara da su. Kowane faifai an raba shi da launi, wannan gida biyu, wancan gida uku, wancan gida huɗu, don yaran firamare su ga rabi da sulusi da rubu'i da idonsu. Aka kulle su a ofis. Bayan wata biyu suka fito da sunan Khairat, shugabar ƙungiyar, manne a jikinsu. Da su ne yau za a shigar da ita Ƙungiyar Zakarun Ɗalibai, wadda mutum goma sha biyu kacal take ɗauka a shekara, a rataya musu koren kyalle a gaban iyaye. Da Ikilima ta kai kuka, kwamiti ya ce ba ta da shaida. Ko ta ba da haƙuri a bainar jama'a, ko a dakatar da ita shekara guda saboda ƙazafi.

Shaida kuwa tana da ita. Inna ta san tana da ita, ta kuma san abin da ya sa ta ƙi fito da ita. Shi ne abin da ya hana ta zama a gida.

A bakin babban ɗakin taro ta tarar da Nagoggo maigadi, tsohon maƙwabcinsu na unguwa, zaune kan benci da tarin makullai a ƙugunsa.

"A'a! Maimuna Bahaguwa da kanta? Ko karatun za a fara da tsufa?"

"Shi na zo koya musu. Nan ne ake rataya wa ɓarayi kyalle?"

"Subhanallahi! Rage murya, akwai manya a ciki."

"Su nake nema."

Wata ɗaliba mai farin hijabi ta tare ƙofa, tana murmushin da aka koya mata.

"Kaka, ina katin gayyatarki?"

"Yana ciki, yana tsaye riƙe da takarda zai yi kuka. Matsa, 'yar nan, ba da ke nake ba."

Ɗalibar ta dubi Nagoggo. Nagoggo ya dubi sama. Inna ta wuce.

Ɗakin cike yake maƙil, fanka na juyawa, turare ya gauraye da zufa. Can gaba ga dogon tebur na malamai. Gefensa ɗalibai goma sha biyu a jere, an riga an rataya wa kowa koren kyallensa, suna ta gyara shi a kafaɗa. A kan wani ƙaramin tebur kuma ga fayafayan nan shida an jingine su, ja da fari da kore da shuɗi suna ɗaukar ido.

Ga Ikilima a gaban makirufo, takarda a hannunta.

Dakta Ma'aruf, uban ƙungiya, shi ne mai gabatarwa. Ya gyara hula, ya yi magana da Turanci, sannan ya juya da Hausa.

"Kafin mu rufe taro, akwai ɗaliba da za ta gyara kuskurenta. Za ta karanta da Turanci, ta maimaita da Hausa, don iyaye su ji."

Ikilima ta buɗe baki.

"Ni Ikilima Sha'aban..."

"Ke! Rufe mini baki!"

Muryar ta fi lasifikar ƙarfi. Ɗaki gaba ɗaya ya waiwayo. Inna na tafe ta tsakiyar kujeru, silifas ɗinta na faɗa da siminti, ba ta sauri, ba ta kuma dubi kowa ba.

Ikilima ta saki makirufon.

"Inna! Don Allah ki koma gida."

"In koma in yi me? In dafa miki tuwon murnar kin zama maƙaryaciya?"

Dakta Ma'aruf ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Iya, sannu da zuwa. A ba Iya kujera. In an tashi taro sai mu gana a ofis."

"Ban haife ka ba. Da ni na haife ka, da ba ka tsaya nan kana sa marainiya cin ƙasa a gaban mutane ba. A ofis aka yi satar, a nan za a yi shari'ar."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Daga baya wani ɗalibi ya yi fito. Wayoyi suka fara tashi sama.

"Wannan taron girmamawa ne," in ji Dakta, murmushin ya fara bushewa. "Akwai tsari. Kwamiti ya zauna, ya duba takardu..."

"Takardu ne suka ɗinka faifan?"

"Masu gadi!"

Wata mata mai tabarau da ke zaune a tsakiyar dogon teburin ta ɗora tafin hannunta a kan teburin. Farfesa Murjanatu ke nan, shugabar tsangaya. Tun da aka fara taro ba ta yi magana mai tsawo ba.

"Bar ta, Dakta. Inna, mene ne sunanki?"

"Maimuna. Kakar wannan da kuke so ku tozarta. Ni na riƙe ta tun tana wata takwas."

"Me kike so?"

"Ina so a nuna mini wadda ta ce ita ta ɗinka waɗancan."

Khairat ta fito daga layi da kanta. Doguwa ce, kyakkyawa, koren kyallen ya zauna mata ɗas a kafaɗa. Ta ɗan russuna, ladabi kamar gaske.

"Ga ni, Kaka."

"Ke kika ɗinka su?"

"Ni ce, da hannuna. Dokar ƙungiya ma ba ta yarda wani ya yi wa ɗalibi aiki ba."

"Madalla. A ina kika koya?"

"Wajen gwaggona, a Mashi."

"Da me ake farawa?"

"Da cibiya. A naɗe ciyawa a ƙulle ta, sannan a riƙa zagayawa."

"Kabar fa?"

"A tsaga ta siriri, a rina, a jiƙa ta kafin a fara don kada ta karye."

Wasu suka tafa. Wata hajiya a sahun gaba, mai leshi ruwan zuma da zobba a yatsu, ta fi kowa tafi. Inna ta gane ta sarai: uwar Khairat ce.

"Kin ji ko, Iya?" in ji Dakta Ma'aruf. "Tambayoyin nan kwamiti ya yi mata, ta amsa."

"Yo ai aku ma in ka maimaita masa zai amsa. Duk abin da ta faɗa yana cikin littafin da Ikilima ta haɗa da fayafayan. Ina zaune tana rubutawa, ni nake faɗa mata. Ni ba baki na zo ji ba, hannu na zo gani."

Ta dire ƙunshinta a kan ƙaramin teburin, ta kwance shi da hannu ɗaya da haƙori.

Faifai ne na bakwai. Launi iri ɗaya da sauran, an raba shi gida takwas, amma ba a gama shi ba. Zagaye uku suka rage, jelar ciyawa na reto, basilla na soke a inda aka tsaya. Ga ɗaurin kaba a jiƙe cikin tsumma.

"Ƙanensu ne. A gida ya rage don bai ƙare ba. Tunda ke kika haifi yayyen, ƙarasa mana shi."

Ikilima ta kama gefen mayafin kakarta.

"Inna, na roƙe ki. Ki bari in karanta kawai. Minti biyu ne ya wuce."

"Cika ni."

"Inna, kin san inda maganar nan za ta kai."

"Na sani. Cika ni na ce."

Khairat ta dubi Dakta, ta dubi uwarta, sannan ta yi murmushi. Ashe ba a banza take taƙama ba, ta ɗan taɓa koyon ɗinkin. Ta zauna kan kujera, ta ɗora faifan a cinya, ta zare basilla da hannun dama cikin gwaninta, ta zura kaba.

Ta kai basilla za ta soka.

Ta tsaya.

Jelar ciyawar ba ta inda hannunta yake nema. Tana ɗaya ɓangaren.

Ta juya faifan ta wannan gefe. Ta juya shi ta wancan. Ta karkatar da wuyan hannu kamar mai susar bayanta, ta soka da ƙyar, ɗinkin ya fito a karkace, ya hau kan na baya. Ta zare. Ta sake. Kabar ta tsinke.

"A hankali," in ji Inna. "Kabar ba ta yi miki laifi ba."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya.

Khairat ta kifar da faifan, bayansa ya koma sama. Nan take hannunta ya samu hanya, ta yi ɗinki ɗaya, biyu, uku, ta ɗago kai da fara'a.

"Ɗaga shi su gani," in ji Inna.

Ta ɗaga.

"Jama'a, mata nake tambaya, ba masu hula ba. Faifai yana da fuska, yana da baya. A ina ake ɓoye kan kaba?"

"A baya!" Muryoyin tsofaffin mata suka taso daga wurare daban-daban.

"To ku duba nata."

Ga kawunan kaba uku sun tsaya cirko-cirko a fuskar faifan, kamar gashin da aski ya tsallake.

Farfesa Murjanatu ta taso. Ta karɓi faifan, ta ɗauki ɗaya daga cikin shidan, ta cire tabarau, ta bi zagayen da yatsa tun daga cibiya har baki. Ta ɗauki na biyu. Ta ɗauki na uku. 

"Mahaifiyata ta yi ɗinkin faifai," ta ce a hankali, amma makirufo ya ɗauka. "Nata zagayen ta nan yake bi. Waɗannan duka bakwai ta can suke bi. Wannan ɗinkin bahaguwa ne."

Ta dubi Khairat.

"Da wane hannu kika riƙe basilla yanzu?"

Khairat ta dubi hannunta na dama kamar yau ta fara ganinsa.

Ɗaki ya kaure. Ɗalibai na buga kujeru, wasu na kabbara. Hajiya mai leshi ta miƙe tana faɗin maganar da ba wanda ya ji. Inna ta ɗaga haɓa, ta juya ta fuskanci jama'a.

"Shekara arba'in ana kirana Maimuna Bahaguwa a garin nan. Daga bakin Kusugu har Kongolam, har cikin Nijar, wanda ya ga faifan da ya zagaya ta hagu ya san daga gidan da ya fito!"

Sai aka ji tafi ɗaya, a hankali, daga wajen makirufo.

Dakta Ma'aruf ne. Murmushinsa ya dawo, har ya fi na farko faɗi.

"Mun gode, Iya. Wallahi kin taimaki kwamiti. Ikilima, zo nan. Karɓi biron nan, rubuta sunanki."

Ikilima ba ta motsa ba.

"Ba sai ta rubuta ba ma. Shekara uku ina koyar da ita. Da dama take rubutu, da dama take riƙe alli, ga takarda ma a hannunta na dama. Farfesa ta ce ɗinkin bahaguwa ne. Bahaguwa kuwa ta faɗi sunanta da bakinta." Ya juya ga dogon teburin. "Ashe kakarta ce ta ɗinka mata, ta kawo mana a matsayin aikinta. Wannan ya wuce dakatarwa. Wannan maguɗi ne, hukuncinsa kora."

 

Farfesa Murjanatu ta mayar da tabarau.

"Ikilima, wa ya ɗinka fayafayan nan?"

Ikilima ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

Hawaye ya gangaro wa yarinyar. Ta girgiza kai.

"Ba zan iya faɗa ba, Farfesa."

"Kin san abin da shirunki zai jawo miki?"

"Na sani."

Inna Maimuna ta tsaya tana kallon jikarta. Tun daga gida ta san za a zo nan. A cikin a-daidaita ma ta yi ta roƙon Allah ya sa a tsaya kafin nan. Ga shi ba a tsaya ba. Ta dubi sahun matan da suka amsa mata ɗazu. Ta san fuskoki da yawa a ciki. Wasu ta yi musu fayafayan aurensu, wasu na auren 'ya'yansu. Mata ne da in an shiga ɗakin amarya suke nuna bango su ce, wannan ɗinkin Maimuna ne, ba na kasuwa ba.

Gobe war haka duk garin ya ji.

To, ya ji mana.

"Ke Ikilima," ta ce. "Rantsuwar da na sa ki, na sauke miki ita. In da kaffara, ni zan yi azumin."

"Inna, a'a..."

"Yi mini shiru. Ni na ɗaure ki, ni zan kwance ki."

Ta kama mayafinta da hannun dama, ta yaye shi daga kafaɗar hagu.

Wata mata ta ce, "Innalillahi!"

Hannun ya rame kamar busasshen reshe. Yatsu huɗu sun lanƙwashe sun shige cikin tafi, babban yatsa ya kwanta a kansu. Yana rawa shi kaɗai, ba tare da ta sa shi ba.

Ta ɗaga shi sama da taimakon na dama, ta juya shi gabas, ta juya shi yamma, don masu waya su ɗauka da kyau.

"Ga bahaguwar taku. Shekara uku da suka wuce na tashi da safe na tarar da shi haka. Kai mai hula, zo ka sa mini basilla a ciki."

Dakta bai motsa ba.

"Zo mana! Ba kai ka ce ni na ɗinka ba?"

Farfesa ce ta ɗauki basillar, ta sa ta tsakanin yatsun a hankali, ta saki.

Basillar ta faɗi kan siminti. Ƙararta har bayan ɗaki.

"Na ji kunya a ce Maimuna ta ƙare," in ji Inna, muryarta ba ta yi rawa ba. "Na ɓoye hannu a mayafi, na sa yarinyar nan ta dafa Alƙur'ani ba za ta taɓa ɗinki a gaban kowa ba, ba za ta faɗa wa kowa ba. Tun tana shekara shida take zama a gefena tana kwaikwayon hannuna. Da dama take cin tuwo, da dama take bokonku, amma basilla ba ta san ta a dama ba. Duk faifan da ya fita daga gidana shekara ukun nan da sunana, nata ne. Ni ce ɓarauniyar farko. Ni na fara cin sunanta, kafin waccan ta zo ta ƙarasa."

Ta juya ga sahun gaba.

"Ke Hajiya mai zobba. Fayafayai goma sha biyu da kika aiko aka karɓa bara, na bikin babbar 'yarki, kina ta faɗa wa dangin miji ɗinkin Maimuna ba shi da na biyu. Ga wadda ta yi su. Je ki sauke su daga bango in kin ji haushi."

Hajiya ta koma ta zauna a hankali.

"Magana ce kawai," in ji Dakta Ma'aruf, amma muryarsa ta sirance. "Ba mu da tabbacin..."

"Kai dai ba ka gajiya. Ikilima, ɗauki basillar nan."

Ikilima ta yar da takardar, ta durƙusa ta ɗauki basillar. Ta dubi kujerar da Khairat ta tashi daga kai, ta ƙi ta. Ta zauna a ƙasa kan dandamali, ta miƙe ƙafa kamar yadda ake zama a tsakar gida, ta ɗora faifan a cinya, fuskarsa sama. Ta warware ɗinki ukun da Khairat ta yi, ta yar da guntayen. Ta share hawaye da gefen hijabi.

Ta mayar da basilla hannun hagu.



Soka, ja, zagaya. Soka, ja, zagaya. Faifan na juyawa a cinyarta kamar shi ke juya kansa. Ja ya ƙare, ta ɗauko fari ba ta ko duba ba, ta cusa kan kabar a baya, ya ɓace. Malaman da ke dogon tebur suka miƙe suna leƙe. Ɗalibai goma sha ɗaya masu koren kyalle suka bar layinsu suka zagaye ta.

Inna ba ta kalli faifan ba. Hannun take kallo. Hannunta ne sak, na shekara arba'in da suka wuce, har yadda ƙaramin yatsa ke tashi in za a ja kaba.

"Matse gidan shuɗin nan," ta ce. "Kin sake shi."

"Ban sake ba, Inna."

"Kin sake. Ina gani daga nan."

Dariya ta ɓarke, har da masu share hawaye.

Da zagaye ɗaya ya cika, Farfesa Murjanatu ta karɓi faifan, ta ɗaga shi kusa da ɗaya daga cikin shidan. Ba mai iya nuna inda tsohon ɗinki ya tsaya sabo ya fara.

Ta ajiye. Ta miƙa wa Khairat hannu.

"Kyallen."

Khairat ta cire shi da hannu biyu, kanta a ƙasa.

Farfesa ta ɗauki takardar ban-haƙurin daga inda Ikilima ta yar, ta kama ta za ta yaga.

"Kul!" in ji Inna. "Kada ki yaga."

"Inna, ai magana ta ƙare. Ba abin da za ta karanta."

"Ita ba za ta karanta ba. Amma takarda ce mai kyau, an ɓata lokaci an rubuta ta. A juya sunayen, na sama ya koma ƙasa, a ba waccan ta karanta." Ta dubi Dakta Ma'aruf ido cikin ido. "Da Turanci, ta maimaita da Hausa. Don iyaye su ji."

Ɗaki ya ɗauki sowa.

Farfesa ta ciro biro, ta yi gyara biyu, ta miƙa wa Khairat. Yarinyar ta tsaya gaban makirufo, daidai inda Ikilima ta tsaya ɗazu.

"Ni... ni Khairat Dabo..."

Ta kasa. Ta fashe da kuka mai sauti.

"Wallahi ba ni na ɗauke su ba! Na yarda na sa sunana, amma ba ni na ɗauko su ba. Ni ko makullin ofishin ba ni da shi. Har gida aka kawo mini su a bayan mota, aka ce in yi shiru, an riga an shirya da kwamiti."

"Khairat!" uwarta ta daka mata tsawa. "Rufe bakinki!"

"Buɗe shi, 'yar nan," in ji Inna, ta matso kusa da ita. "Ni tsohuwa na buɗe nawa ban mutu ba. Wa ya kawo miki?"

Khairat ta ɗago jajayen idanu. Ba ta dubi Inna ba, ba ta dubi uwarta ba. Ta juya wajen da mai gabatarwa yake tsaye.

Ba kowa a wurin.

Dakta Ma'aruf ya riga ya sauka daga dandamali, waya manne a kunne kamar an kira shi, yana bin jikin bango da sauri, ya nufi ƙofa.

Inna Maimuna ta fizge makirufon da hannunta mai lafiya.

"Nagoggo! In ka bar mai hular nan ya fita, ni da kai ne har lahira!"

Daga bakin ƙofa aka ji makullai sun yi kacau.

Kwaɗon ƙofa ya ce ƙaras.